Hoto marar kala, da tambayar wa ke da fuskar

Abin da ke ciyar da gidana a nan Garwa shi ne ɗan hoton katin shaida, 4x4, sai biki da suna, sai ranar Sallah da layi ke kaiwa bakin titi. Hoton baƙi da fari ko kuɗin hayar shago ba ya fitarwa. Ina yin sa ne don a nan ake gane wanda ya iya aiki.

In ka cire kala, babu atamfar da za ta rufa maka asiri, daga kai sai haske. Baƙar fata ta fi son hasken gefe, shi ya sa nake kashe filasha in zaunar da mutum dab da ƙofa da hantsi, yarona ya riƙe farin kwali ta ɗaya ɓangaren don kada inuwa ta cinye rabin fuska. Nan za ka ga tsagar gado ta fito raɗau a kuncin dattijo, da naɗin rawani, da kowane zare na aikin wuyan babbar riga.

Ba kowa ke so ba. Wata hajiya ta duba nata ta ce, "Malam, ai ban mutu ba tukuna." A wurinta irin wannan hoto na mamata ne. 'Yan mata kuma so suke a ƙara musu hasken fata a kwamfuta. A mai kala ina yi, kuɗinsu ne. A wannan kam ba na taɓawa. Dattawan da ba sa son rataye hoto a bango saboda addini, ban taɓa ja da su ba.

Rigimar da ta fi damuna daban ce. Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Mali, ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, mutane na biya a ɗauke su, su tafi da ɗan ƙaramin kati gida. A 1991 aka baje wasu hotunansa a New York ba tare da ko sunansa ba. Daga baya aka wanke su manya-manya, suka yi tsada a Turai da Amurka, kuma bayan rasuwarsa a 2001 dillalai suka yi ta shari'a a kansu. Gwanintarsa ba abin musu ba ce, haka ta Malick Sidibé, shi ma mai ɗaukar hoto ɗan Mali, da aka karrama a Venis ta Italiya a 2007. To amma matar da ta ci ado don mijinta da danginta, wa ya tambaye ta kafin a rataye ta a gaban baƙi? Samuel Fosso, haifaffen Kumba ta Kamaru, da ya fara aikin hoto a Bangi ta Afirka ta Tsakiya tun yana ɗan shekara 13, ya huta da wannan tambaya, tunda kansa yake ɗauka.

Ni ma wani baƙo ya taɓa taya hotuna biyar na matan da suka zo da lalle a hannu. Kuɗin da ya faɗa ya haura cinikin wata guda, na ce masa ba nawa ba ne ni kaɗai. Yanzu kafin in nuna ko in sayar da hoton kowa, sai ya sa hannu a takarda, in matar aure ce kuma sai da sanin maigidanta, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin nata ne. Yawancinsu cewa suke a'a, kuma cikin waɗanda suka ƙi ɗin ne mafi kyawun aikina yake.