Kuɗin zaman da ba a zo ba: abin da aikin jinyar tunani ke koyarwa

A cikin duk abin da ke shiga tsakanin mai jinyar tunani da majinyacinsa, da wuya a samu wanda ke jawo ɓacin rai kamar kuɗin zaman da ba a zo ba. Mutum ya fasa zuwa, ko ya manta, sai ya ga an caje shi kamar an zauna da shi. Abin da ke fara zuwa bakinsa shi ne: me aka yi mini da zan biya? Tambaya ce mai kan gado, kuma duk wanda ke wannan aiki ya kamata ya iya amsa ta ba tare da kame-kame ba.

Abin da majinyaci ke biya shi ne lokacin da aka keɓe masa. Zama ɗaya yakan ɗauki minti 45 zuwa 50, sauran mintunan awar kuma su tafi wajen rubuta bayanan jinya da shirin karɓar na gaba. Likitan da ke ganin mutane minti goma-goma yana iya tara su a layi, in ɗaya bai zo ba na bayansa ya shiga. Mai jinyar tunani ba shi da wannan damar. Ƙarfe huɗu na ranar Talata na mutum ɗaya ne, sau da yawa na tsawon watanni, kuma an riga an ce wa wasu babu gurbi saboda shi. Awa ba haja ba ce da za a mayar kan kanta a sayar gobe. A ɗauka ƙwararre yana ganin mutum 25 a mako, uku suka fasa a ƙurarren lokaci: kashi 12 cikin ɗari na abin da zai samu ya tafi, alhali kuɗin hayar ofis da na lasisi da na inshorar aiki ba su ragu da komai ba.

Tsarin ba sabo ba ne. Sigmund Freud, ɗaya daga cikin magabatan aikin jinyar tunani, a wata maƙala da ya rubuta a 1913 kan yadda ake fara jinya, ya bayyana cewa yana ba kowane majinyaci hayar wata awa ce, tasa ce, kuma kuɗinta na wuyansa ko ya yi amfani da ita ko bai yi ba, kamar yadda masu koyar da kiɗa da harsuna ke yi. Sai dai Freud kwana shida a mako yake ganin yawancin majinyatansa. Yau akasari sau ɗaya ne a mako, don haka mafi yawan masu aikin sun sassauta: wanda ya sanar da wuri ba ya biya.

Wannan "da wuri" ɗin shi ne inda gizo ke saƙa. An fi amfani da awa 24 ko awa 48. Dalilin wa'adin guda ɗaya ne, wato a samu damar ba wani gurbin, don haka tsawonsa ya kamata ya dace da lokacin da cike gurbi ke ɗauka a zahiri. Wanda ke da jerin masu jira da za su iya zuwa da kira ɗaya, awa 24 ta ishe shi. Wanda ba shi da su, awa 48 ta fi. Kuskuren da aka fi yi shi ne rashin faɗin cewa ranakun aiki ake nufi. Mai zaman Litinin da ƙarfe goma ya turo saƙo ranar Lahadi da ƙarfe tara na safe: a lissafi ya cika awa 24 har da ƙari, amma babu wanda ke ofis, ba a ga saƙon ba sai da safiyar Litinin. Dole takarda ta faɗa ƙarara cewa zaman Litinin ana soke shi ne kafin a tashi aiki a ranar aiki ta ƙarshe ta makon da ya gabata. Haka ma hanyar sanarwa. In an yarda da kira da saƙon tes da imel duka, wata rana za a yi musu kan saƙon da ya maƙale a wani wuri. A zaɓi hanya ɗaya ko biyu masu nuna lokacin da saƙo ya shigo.

Sai makara. Yawanci ana jira minti 15 zuwa 20 kafin a ɗauka mutum ba zai zo ba, wanda kuma ya zo a makare ana tashi a lokacin da aka saba tashi, don kada a ci haƙƙin na bayansa. Adadin kuɗin kuwa, wasu cikakke suke karɓa, wasu rabi, wasu wani tsayayyen adadi. Kowanne yana aiki muddin an rubuta shi da lamba. Kalmar "ana iya cajin wani abu" ba ƙa'ida ba ce, ƙofar rigima ce.

Masu inshora su ne abin ya fi zo wa ba zato. A Amurka kamfanonin inshora ba sa biyan zaman da ba a yi ba, kuma ƙwararren da ya rubuta musu cewa an yi zama alhali ba a yi ba ya aikata zamba. Sakamakon haka, mutumin da ya saba biyan ɗan ƙaramin kaso a kowane zama sai ya ga cikakken kuɗi ya faɗo kansa, wanda zai iya ninka abin da ya saba biya sau da dama. Tsarin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka wadda akasari ta tsofaffi ce, ya yarda a caji majinyaci kai tsaye, da sharaɗin ƙa'idar ta zama ɗaya ga kowa, mai Medicare da wanda ba shi da shi. A tsarin Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi kuwa galibi an hana cajin. A Ingila hukumar lafiya ta NHS ba ta karɓar tara. Rishi Sunak ya kawo shawarar tarar fam 10 a 2022 lokacin da yake neman shugabancin jam'iyyarsa, ya kuma janye ta bayan ya zama firaminista. Can abin da mutum ke asara shi ne gurbinsa, domin cibiyoyi da dama suna sallamar wanda ya yi ta fashi ba sanarwa.

Sa hannu a takarda bai wadatar ba. Mutumin da ya zo ranar farko da ƙirjinsa cike da damuwa zai sa hannu a shafi shida bai karanta layi ɗaya ba. Kundin ɗa'a na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ya bukaci a daidaita batun kuɗi tun da wuri gwargwadon iko, kuma hanyar da ke aiki ita ce a faɗa da baki, cikin minti biyu: "Wannan lokacin naka ne kowane mako. In ba za ka samu zuwa ba, ka sanar da ni kafin awa 48, babu abin da za ka biya. In ya gaza haka, akwai cikakken kuɗin zama, kuma inshora ba ta biyansa. Akwai abin da kake ganin zai sa wannan ya yi maka wuya?" Tambayar ƙarshen ta fi sauran amfani. A nan ne mai aikin da ake sauya masa lokaci ba shiri, ko mai ciwon da ke tashi ba sallama, ko uwar da ba ta da mai riƙe mata yara za su yi magana, a tsara musu abin da zai yiwu tun kafin a kai ruwa rana.

Abin da ya fi wahala a wannan batu shi ne, sau da yawa ciwon da ya kawo mutum shi ne ke hana shi zuwa. Mai ciwon damuwa mai tsanani yana iya farkawa ya kasa ko sauka daga gado. Mai fargaba yana gudun abin da ke tayar masa da hankali, zaman jinya kuwa yana cikinsu, musamman bayan an taɓo wani tsohon miki a makon da ya wuce. Mai matsalar tattara hankali yana mantawa da gaske, ba raini ba ne. In aka bi irin waɗannan da tara kawai, kunya za ta haɗu da bashi, mutum ya ɓace gaba ɗaya a daidai lokacin da ya fi bukatar taimako. In kuma aka riƙa yafewa kowane lokaci, an ƙara wa halin gudun zaman ƙarfi, domin fashi ya zama ba shi da wani nauyi. Akwai kuma wata illa da ba a cika faɗa ba: ƙwararren da ke yafewa a baki yana jin haushi a zuci, haushin zai fito a wani wuri, a sanyin murya ko a gajeren haƙuri, majinyaci kuma zai ji ko bai san dalili ba.

Mafita ita ce a rubuta sassaucin a cikin ƙa'idar tun farko, kada a bar shi ga yanayin da ƙwararre ya tashi a ranar. Misali: fashi ɗaya kyauta a kowane wata shida ko shekara, ba sai an kawo hujja ba. Haɗari, kwanciya asibiti, rasuwa, da ciwo mai yaɗuwa ba a cajin su. In an samu wani gurbi a cikin makon aka mayar da zaman can, ko aka yi shi ta waya ko bidiyo, babu tara. In wani ya cike gurbin da aka bari, adalci shi ne kada a karɓi kuɗi sau biyu a kan awa ɗaya. Da wannan, majinyaci ba ya bukatar ƙirƙiro ƙarya don ya tsira, wanda ya iya roƙo kuma ba ya samun abin da mai kunya bai samu ba. Saƙon tunatarwa ma yana rage mantuwa sosai, amma sai an tura shi kafin wa'adin sokewa ya wuce. Tunatarwar da ta iso awa 24 kafin zama, a inda wa'adi awa 48 ne, ba ta ba mutum damar sokewa ba tare da biya ba.

Idan mutum bai zo ba kuma bai yi magana ba, lafiyarsa ake fara tambaya, kuɗi ya biyo baya. Saƙon farko gajere ne: "Barka da yamma. Na jira ka yau ƙarfe huɗu ban gan ka ba, ina fatan lafiya. Ka sanar da ni halin da kake ciki." Ga wanda aka san yana da tunanin hallaka kansa, shiru alama ce ta haɗari, sai a kira, in ba a same shi ba a bi matakan gaggawa da aka amince da su tun farko. Maganar caji a bar ta sai an ji muryarsa, kuma ya fi kyau ya ji ta daga bakin ƙwararren kafin ya gan ta a saƙon banki.

Fashin da ya zama jiki kuma abin tattaunawa ne a cikin ɗakin jinya. Sau uku a wata biyu, kullum bayan zama mai nauyi, ko kullum a ƙarshen wata lokacin da aljihu ya bushe, kowanne da abin da yake nunawa. Wani lokaci jinyar ce ta yi sauri, wani lokaci kuɗin ne ya fi ƙarfin mutum yana jin nauyin faɗa, sai a rage farashi ko a koma zama duk mako biyu. A tsarin jinyar da masaniyar halayyar ɗan Adam Marsha Linehan ta samar don masu saurin hawa da saukar motsin rai, ƙa'idar a fili take: wanda ya fasa zama huɗu a jere ya fita daga shirin, kuma masu jinyar suna bin sawunsa da kira tun kafin a kai ga na huɗun.

Ƙwararren da ke cajin wasu kan soke zama a makare shi ma ƙa'idar ta hau kansa. In shi ya soke da safiyar ranar, majinyaci ya riga ya nemi izini a wurin aiki, ya biya kuɗin mota, ya shirya zuciyarsa. Abin da ya dace shi ne a ba shi wani gurbi cikin makon, wasu ma sukan ƙara masa fashi ɗaya kyauta a madadin. Bashin da ya taru kuma kada a bar shi ya wuce na zama biyu ba a yi maganarsa ba. Kafin a miƙa shi ga masu karɓo bashi, kundin ɗa'ar da aka ambata ya wajabta a sanar da mutum a ba shi damar biya, kuma ko an miƙa, abin da ya zama dole kaɗai ake bayarwa, kamar suna da adireshi da adadin kuɗi, ba a haɗa da komai na abin da aka tattauna a ɗakin jinya.