Kuɗin share gubar dalma: abin da aikin Bagega ya koya mana

A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Dutsen zinaren da ake dakawa ana niƙawa cikin gidaje yana ɗauke da dalma mai yawa, ƙurarsa ta kwanta a tsakar gida, yara masu rarrafe suka riƙa kai ta baki. An share ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, ciki har da Dareta da 'Yargalma da Abare. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka yi tata, bayan gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin a watan Janairu. A can muka yi aiki.

Awo muke fara yi. Da na'urar hannu ta XRF, mai auna yawan dalma a ƙasa, muke bin gida kusurwa-kusurwa, muna rubuta sakamako a kan zanen gidan. Inda dalma ta haura miligiram 1,000 a kilo ɗaya na ƙasa, a kankare santimita 5 na sama da fartanya da shebur, a sake awo. In bai sauka ba, a ƙara kankara. Inda take tsakanin 400 da 1,000, rufewa ake yi da sabuwar ƙasa mai kaurin kamar santimita 8. Ita ma sabuwar ƙasar sai an auna ta a ramin ɗiba kafin ta hau tifa.

Mai rubuta kasafi ya riƙe wannan lissafin. Tsakar gida mai mita 10 tsawo da 10 faɗi, in aka kankare santimita 5, tana ba da ƙasa kusan tan bakwai da rabi, wato buhu 150 masu kilo 50. Lungunan ƙauye ba sa ɗaukar mota, don haka baro da kafaɗa ne har bakin hanya. Kuɗin lebura da buhu da man tifa su ne ke cin kasafi, ba na'urori ba, kuma su aka fi rainawa a takarda.

Cikin ɗaki wani aikin ne daban. A fitar da kaya, a share, a goge, ɗakin da ƙasarsa ta gurɓata a yi masa daɓen siminti. Turmin da aka taɓa daka dutse a ciki bai kamata ya sake ganin hatsi ba. Gidajen kulle kuwa, ba mata a cikin ma'aikata, ba aiki. Su ne ke jin inda aka yi daka a ɓoye, abin da maigida ba zai faɗa a zaure ba.

Lokacin sakin kuɗi yana da nauyi kamar yawansu. Da ruwa ya sauka hanya ta yanke, ramin binne gurɓatacciyar ƙasa ya cika, aiki ya tsaya. Kuma a lokacin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ba sa fara bai wa yaro maganin fitar da dalma daga jini sai an share gidansu, domin in ya koma cikin ƙurar nan maganin ya tashi a banza. Jinkirin tifa jinkirin magani ne.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne dawowar guba. Mun sake auna gidan da muka gama muka tarar adadin ya hau. Ko an dawo da dutse cikin gida, ko mai haƙa ya shigo da kayan aikinsa a jiki, ko an yi yaɓe da laka daga kududdufin da ake wanke garin dutse. Hana haƙa bai magance wannan ba, sai ma ya tura niƙa cikin ɗaki inda ba mai gani. A ganina duk takardar neman tallafin irin wannan aiki dole ta ware kaso tun farko na filin sarrafa dutse a bayan gari, injin niƙa da ruwa don kashe ƙura, wurin wanka da sauya tufa ga mahaƙa, da albashin masu zagayen awo bayan 'yan kwangila sun tafi. A saka dagaci da shugabannin mahaƙa wajen zaɓen filin, in ba haka ba za a gina shi ba mai zuwa.