Makonni bakwai da na ɓoye maganin hantata

Ranar da gwaji ya nuna ina da ciki, na ɗauki kwalbar tenofovir na cusa ta can ƙasan akwati. Shekara biyu ina shan ƙwayar nan kullum saboda ciwon hanta nau'in B, amma zuciyata ta raya mini cewa maganin da ke danne ƙwayar cuta ba zai ƙyale ɗan tayi ba. Ban tambayi kowa ba, ko maigida bai sani ba.

A mako na bakwai da daina shan maganin idona ya fara yin rawaya, fitsari ya yi duhu, ga kasalar da nake ta ɗora wa laulayi. Da sakamakon jini ya fito, likita ta dube ni ta ce, "Malama, kina shan maganinki kuwa?" Sai hawaye.

Ashe in an yanke maganin farat ɗaya, ƙwayar cutar kan dawo da ƙarfinta, hanta ta kumbura. Tenofovir kuwa yana cikin magungunan da aka fi bibiyar tasirinsu ga masu ciki, domin mata masu HIV sun daɗe suna shan sa, kuma ba a ga ya ƙara yawan nakasar haihuwa ba. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara bai wa mai ciki shi daga mako na 28 idan ƙwayar cutar ta yi yawa a jininta. Wato abin da na ɓoye don in kare ɗana, shi ake bayarwa don a kare shi. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa, kusan tara cikin goma cutar kan zauna masa a jiki.

Tsoron nawa ba na banza ba ne, akwai irin su ribavirin da ke illata ɗan tayi, an hana mai ciki su sam. Amma bambance wannan da wancan aikin likita ne, tambayar minti biyar ce kawai, ni kuwa na sayi kwana shida a gadon asibiti. Wannan ne ke ci mini rai har yau. Ke da ke shan irin maganin nan, kada ki ajiye ko ƙwaya ɗaya kafin ki ga likitarki.

Na koma kan maganin a ranar da sakamakon jinin ya fito. Da na haihu aka yi wa yaron allurar rigakafi kafin awa 24 su cika. Yana da wata goma aka gwada jininsa, babu cutar. Na karanta takardar sau uku kafin na iya miƙa wa babansa.