Abin da Na Koya daga Yaran da Ke Magana da Jimlolin Aro

Koyarwa a makarantar renon yara a Garwa, a arewacin Kamaru, tana haɗa malama da yara iri-iri, amma waɗanda suka fi sa ni tunani su ne yaran da bakinsu ke cike da magana, alhali ba sa iya neman ruwa idan ƙishirwa ta kama su. Irin wannan yaro yana iya kawo tallar da ya ji a rediyo daga farko har ƙarshe, ko gaisuwar kakarsa da Fulatanci, da muryarta da inda take jan numfashi, amma idan aka tambaye shi sunansa sai ya mayar da tambayar yadda aka yi masa ita. Yawancin yara da kalma ɗaya suke fara magana, su ce "ruwa" ko "zo", sannan su haɗa biyu, har su kai ga jimla. Waɗannan kuwa jimla sukutum suke ɗauka, su ajiye ta tare da halin da suke ciki a lokacin da suka ji ta, sai daga baya su fara kwance ta gaɓa-gaɓa. Babban darasin da aikin ya koya mini shi ne cewa wannan jimlar aro magana ce ta gaske, kuma nauyin gano abin da take nufi a wuyan babba yake, ba a wuyan yaron ba.

Masana sun daɗe da lura da wannan hali. A 1943 likitan ƙwaƙwalwar yara Leo Kanner, wanda ke aiki a Baltimore ta ƙasar Amurka, ya bayyana yara 11 masu larurar da yanzu ake kira otizim, wadda ke shafar yadda yaro ke magana da cuɗanya da mutane, kuma maimaita maganar wasu na cikin abubuwan da ya gani a tare da su. A 1946 ya ba da labarin wani yaro mai shekara 5 da ke yawan cewa kada a jefo kare daga bene, alhali babu kare babu bene a wurin. Ashe shekaru uku kafin nan ya riƙa jefo karen wasansa daga benen wani otal a Landan, uwarsa ta gaji da ɗaukowa ta faɗa masa haka, shi kuma ya riƙe jimlar yana tsawata wa kansa da ita duk lokacin da ya ji yana son jefa wani abu. Daga baya Ann Peters, masaniyar harshe a Jami'ar Hawaii, ta nuna a rubuce-rubucenta na 1977 da 1983 cewa ko a cikin yaran da ba su da wata larura akwai masu kama karin jimla, wato hawa da saukar muryarta, kafin su kama kalmominta. A 1981 kuma Barry Prizant da Judith Duchan sun ɗauki hoton bidiyo na yara huɗu masu otizim, suka tantance ayyuka bakwai da maimaita magana ke yi musu, ciki har da roƙo, da amsa "i", da karɓar zance, da kwantar wa kai hankali. Saboda haka ba kowane yaro mai maimaita magana ne ke da larura ba, ko da yake an fi ganin halin da ƙarfi kuma ya fi daɗewa a wurin masu otizim.

Akwai wani yaro a ajina da ke toshe kunnuwansa yana cewa, "An ɗauke wuta, kowa ya zauna inda yake," da rana tsaka, a ajin da ko fitila ba a kunna ba. Sauran yara sukan yi dariya. Da na tambayi mahaifiyarsa, sai ta ce ai maganarta ce, ita take faɗa wa yaran gidan da dare idan lantarki ya tafi, don kada su yi karo da murhu, kuma shi yana tsananin tsoron duhu. Daga nan na fara lura da lokutan da yake faɗar ta: idan aji ya ruɗe da ihu, idan babur ya wuce da ƙara a bakin taga, idan aka canja masa wurin zama. Abin da jimlar ke nufi a bakinsa shi ne, "Ina jin tsoro, a natsu." Ba a cikin kalmomin ma'anar take ba, tana cikin daren da ya fara jin su. Wannan ne ya sa na buɗe ɗan littafi ga kowane yaro irinsa, inda nake rubuta jimlar, da abin da ke faruwa a lokacin, da abin da mutanen gida suka ce game da asalinta. Sau da yawa yayar yaron mai shekara tara ko goma ta fi kowa sanin inda ya samo kowace jimla, domin ita ce ke goyonsa kuma tare suke kallon katun a wayar uwarsu.

A nan wurinmu akwai abubuwa biyu da ke sa a yi wa wannan hali gurguwar fahimta, kuma sun saɓa wa juna. Na farko shi ne tsoro. Idan yaro ɗan shekara huɗu ya buɗe baki ya yi magana da muryar tsohuwa, ko da Faransancin da babu mai yin irinsa a gidan, zuciyar mutane takan tafi wurin iskokai. Wata kaka ta taɓa kama hannuna a ƙofar makaranta ta ce, "Malama, ki ji tsoron Allah ki faɗa mini gaskiya, wannan ai ba bakinsa ba ne." Na ce mata, "Inna, bakinsa ne, kunnensa ne dai yake da kaifi, abin da ya ji shi yake ajiyewa." Ban taɓa hana kowa addu'a ba, kuma ba hurumina ba ne, amma nakan roƙi iyaye kada a daki yaro ko a tsorata shi don ya daina, domin wannan maimaitawar ita ce kaɗai hanyar da yake da ita ta isa gare su.

Na biyu shi ne yabo, kuma a ganina ya fi na farko ɓoye matsala. Mu mutane ne masu girmama hadda, kuma muna da dalili. Yaron da ya haddace gajerun surori a makarantar allo kafin tsararrakinsa, yake kuma jero gaisuwa daga "ina kwana" har "ina gajiya" ba tare da tuntuɓe ba, kowa zai sa masa albarka. Baiwa ce, kuma ya kamata a gode wa Allah a kanta. Sai dai irin wannan yaro yakan kai shekara shida babu wanda ya lura cewa bai taɓa ƙirƙirar jimla tasa ta kansa ba, kuma ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo. Tambayar da nake yi wa iyaye ita ce, idan wani yaro ya ƙwace masa abu, me yake cewa?

Hausa tana da wani abu da ke taimaka wa mai lura, wato bambancin namiji da mace a cikin magana. Idan yaro namiji ya zo ya tsaya a gabana ya ce, "Za ki sha ruwa?" yana kallon randa, na san ba ni yake yi wa tayi ba, jimlar da ake faɗa wa 'yar'uwarsa ce ya ɗauko, kuma shi ne ke jin ƙishirwa. Wannan ya koya mini cewa duk abin da na faɗa, haka zai koma bakinsa, don haka dole in zaɓi jimlolin da za su yi daidai idan shi ya faɗe su. Maimakon in ce "Kana son ruwa?" sai in miƙa masa kofi ina cewa "Ina jin ƙishirwa" ko "Mu sha ruwa." Jimlolin da ke da "mu" da "bari in" sun fi amfani: "Mu tafi waje," "Bari in gani," "A taimake ni," "Ba na so." Wannan ta ƙarshe wasu iyaye ba sa son in koyar, suna ganin rashin kunya ce, amma yaron da ba shi da hanyar ƙin abu da baki, da cizo ko birgima zai ƙi shi. Na kuma rage yawan tambayoyi, na bar cewa "ka ce kaza," domin yaron yakan haɗa har da "ka ce" ɗin ya haddace. Idan ya faɗi jimlar da ban gane ba, nakan amsa ta duk da haka, ko da da gyaɗa kai ne ko maimaita ta da irin muryarsa, don ya san an ji shi.

Batun yawan harsuna ba ya bukatar dogon bayani. Yaro a Garwa yana jin Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa da unguwa, Faransanci a aji, Larabci a makarantar allo, kuma jimlolinsa sukan fito daga duka huɗun. Wasu sukan ba iyaye shawarar su koma Faransanci kaɗai, ni kuwa ban yarda da wannan ba. Binciken da aka yi a kan yara masu otizim bai nuna cewa harshe biyu na ƙara musu jinkirin magana ba, kuma uwar da aka raba da harshen da take lallashi da shi, maganarta da ɗanta raguwa take yi.

A 2012 wata ƙwararriyar koyar da magana a Amurka, Marge Blanc, ta tsara wannan tafiya zuwa matakai shida, daga jimla sukutum, zuwa yanka jimloli a haɗa rabin wannan da rabin waccan, zuwa ware kalmomi ɗai-ɗai, sannan gina jimla sabuwa wadda nahawunta ke ƙara nauyi a matakai ukun ƙarshe. Na ga wani abu mai kama da haka a wurin yaron nan mai batun wuta. Wata rana da aka karɓe masa ƙwallo sai ya ce, "An ɗauke ƙwallo," daga baya kuma "An ɗauke takalmi," wato ya gano cewa "an ɗauke" aba ce mai zaman kanta da za a iya jona mata wani abu. Bayan wasu watanni maganarsa ta gajarce ta koma "ƙwallo ja" da "ni waje," har mahaifinsa ya zo da damuwa yana cewa yaron baya yake komawa, da yana Hausa tsaf yanzu kuwa yana yi kamar baƙo. Na ce masa, "Alhaji, waccan Hausar ta Hajiya ce, wannan mai kuskuren ita ce tasa." Babu wanda ya taɓa cewa "ni waje" a gidansu, saboda haka shi ya ƙera ta.

Duk da haka ban ɗauki waɗannan matakai a matsayin doka ba. A 2024 wasu masu bincike sun bi diddigin rubuce-rubucen kimiyya suna neman gwajin da ya tabbatar da ingancin koyarwar da aka gina a kan tsarin Blanc, ba su sami ko ɗaya da ya cika sharuɗɗansu ba, wasu masanan kuma suka yi gargaɗi a kan raba yara gida biyu, masu jimlolin aro da masu fara da kalma ɗaya, kamar kowane yaro dole ya faɗa ɗaya. Wannan gargaɗi ya dace da abin da nake gani, domin yara da yawa suna haɗa hanyoyin biyu, suna da jimlolin aro kuma suna da kalmominsu. Abin da na riƙe shi ne ɓangaren da ba a jayayya a kansa: a saurari yaro, a bi abin da hankalinsa ke kai, a yi masa magana mai sauƙi a cikin wasa da aikin gida. Ban yarda a hana yaro koyon kalma ɗaya ɗaya don wai bai kai matakin ba, kuma ina amfani da hotunan kofi da banɗaki da ƙofa da na manna a kwali, domin yaron da magana ta ƙwace masa a lokacin fushi yana iya nunawa da yatsa.

Nakan kuma nace a kai yaro asibiti a duba kunnensa kafin komai, musamman wanda ya taɓa fama da sanƙarau ko ciwon kunne mai ruwa, domin malama ba likita ba ce kuma ba aikinta ba ne ta sa wa yaro sunan larura. Ƙwararrun koyar da magana sun yi ƙaranci a arewacin Kamaru, an fi samun su a Yawunde da Duwala, tafiyar da ba kowane gida ke da kuɗinta ba. Dokar Kamaru ta 13 ga Afrilu 2010 kan kare masu bukata ta musamman ta tanadar musu haƙƙin ilimi, amma a aikace yaron yakan bar hannuna yana ɗan shekara shida ya shiga ajin SIL mai cunkoso, wato ajin farko na firamare, inda maimaitawa a tare da babbar murya ita ce hanyar koyarwa, kuma a nan ne zai fi sajewa ba a gane shi ba. Saboda haka, da izinin iyaye, nakan kai wa sabon malaminsa littafin nan da kaina kafin a buɗe makaranta a watan Satumba, in zauna da shi mu bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya, in nuna masa waɗanda ke nufin tsoro, da waɗanda ke nufin yunwa, da wadda idan ya ji ta ya kamata ya bar yaron ya fita banɗaki nan take.