Jirin da ba na maleriya ba

Wallahi abin da ya fi ba ni haushi a harkar maganin damuwa shi ne ranar da za a ɗora ka a kai za a ce ka yi haƙuri sai ya yi sati biyu zuwa huɗu kafin ka ji aikinsa, amma ranar sauka ba wanda ya tanadar maka bayani. Ni paroxetine na sha shekaru, na samu sauƙi alhamdulillah, sai aka zo lokacin da magani ya yi tsada bayan faɗuwar naira a 2023, kemis ɗin unguwarmu ma ya daina kawowa.

Kwana kaɗan da yankewar maganin jiki ya fara magana. Jiri in na juya kai, zufa cikin dare har sai na canza riga, tashin zuciya, mafarkai masu ban tsoro, sannan wani abu da na rasa yadda zan kwatanta wa mutane, sai ka ji zut a cikin kai kamar an taɓa ka da wayar NEPA, musamman in ka motsa ido da sauri. Umma ta ce typhoid ne, aka yi gwaji ba komai, wata gwaggona kuma tun daga waya ta yanke hukunci wai iska ce a nemo mai ruƙiyya. Ban ga laifinsu ba don abin da suka sani kenan.

Likita ne ya warware min. Ya ce ƙwaƙwalwa ta saba da maganin, kuma a cikin magungunan damuwa paroxetine da venlafaxine suna fita daga jini da wuri shi ya sa saukarsu ta fi zafi, fluoxetine kuwa yana daɗewa a jiki so saukarsa ta fi sauƙi. Ya ce ciwon damuwa in zai dawo a hankali yake lallaɓowa cikin makonni, wannan kuwa cikin kwanaki yake zuwa da alamun jiki, kuma da an koma kan maganin sai ya lafa. Haka ɗin aka yi. Ko a Ingila ma sai 2019 hukumar NICE mai tsara wa likitoci jagorar magani ta gyara jagorarta ta yarda abin na iya tsananta ya kuma daɗe wa wasu, da can ana cewa sati ɗaya ko biyu ne ya wuce.

Masu shan diazepam ko Lexotan kullum don barci, dan Allah ku naku ya fi haɗari, yankewa lokaci ɗaya na iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Masu ajiye magani saboda azumi ma ku tambayi likita ya mayar muku da shi sahur ko bayan shan ruwa.

Yanzu ni da likita rage paroxetine ɗin muke kaɗan-kaɗan, ana ɗaukar makonni a kowane mataki, kuma ƙarshen ya fi farkon wuya don ƙwayar ƙarama ce, raba ta gida huɗu da reza aiki ne, rabi sai ya zama gari.