Ƙofar Sule da Ƙofar Sisi

Asabar. Maman Sadik ta yi aikin dare, tana buƙatar barci, sai na ja Sadik muka fita. Jirgin ƙasa daga Colchester, muka canja a Manningtree, muka sauka Harwich, wani gari a bakin tekun Ingila. Niyyata yaro ya ga manyan jiragen ruwa kawai. Sanyin bakin teku ya koro mu cikin lungunan garin, a nan muka yi kiciɓis da Electric Palace.

Ɗan ƙaramin gidan silima ne. Fuskarsa ta sha adon farar ƙasa, da babban baka a sama kamar bakan gizo, ga ɗan ɗakin sayar da tikiti a tsakiya. Sadik ne ya tsayar da ni yana haɗa baƙin da ke jikin ƙofofi. Ɗaya ta masu biyan sule ce, ɗaya ta masu sisi. Na ce masa ai sisin nan ne Hajiya ke nufi idan ta ce ko sisi ba ta da shi. Ya yi ta dariya, wai shi duk zatonsa sisi sunan wani abinci ne.

Wata dattijuwa cikin masu kula da wurin a kyauta ta gan mu muna leƙe, ta ce mu shigo mu sha ɗumi. Ta ce a 1911 aka gina shi, cikin mako 18, a kan fam 1,500. Mai shi Charles Thurston ne, wanda da yake yawo gari-gari yana nuna majigi a tanti ranar biki, kuma Harold Hooper na Ipswich ya zana masa ginin. Masu ƙaramin ƙarfi ba ta gaba suke shiga ba, akwai tasu ƙofar ta lungu, su zauna kan bencin katako dab da allo. Ambaliyar 1953 ta shiga cikinsa, a 1956 aka rufe. Ya yi shekaru a kulle har aka yi shirin rushe shi, mutane suka tashi tsaye a 1972, aka sake buɗewa a 1981.

Sai ta nuna mana inda ɗakin injin yake, can sama, a ware da zauren 'yan kallo. Fim ɗin wancan zamani kamar fetur yake, da ya ji zafi sai wuta. Shi ya sa dokar Ingila ta 1909 ta tilasta a raba injin da jama'a.

Nan take gabana ya faɗi. El Duniya. Duk ɗan Kano da ya tashi a hannun tsofaffi ya san sunan nan. Gidan silima ne da ya yi gobara a 1951, mutum 331 suka rasu. Mu ba a matsayin labarin gini aka ba mu shi ba, gargaɗi ne: ga abin da ke samun mai zuwa silima. Har na girma ban taɓa jin wani ya yi mini maganar ƙofofin fita nawa ne a wurin ba, ko me ya sa fim ke kamawa da wuta.

Tana rako mu ta tambaye ni, ku a garinku yaya sunan tsohon gidan silimarku? Na ce Rex, Palace, Plaza, Orion, El Dorado, Marhaba. Ta ce wanne ka fi so? Na yi shiru. Ko ɗaya ban taɓa shiga ba. Na sha wucewa ta gaban Plaza a Fagge ina satar kallon hotunan 'yan Indiya a bango, ƙafata ba ta taɓa taka ciki ba. Yanzu kuwa yawancinsu an rufe, wasu sun koma shaguna. Ita tana iya ɗora hannu a kan ƙofar da kakanta ya bi, ni sai jerin sunaye.

Abin ya tsaya mini a rai har cikin jirgi. Sadik ya yi barci a kafaɗata, kifi da dankalin da muka saya ya huce a leda.

Bayan isha na kira Baba. Muka gaisa, na tambayi ƙafarsa, sannan na yi ta maza na ce, "Baba, don Allah ka taɓa shiga silima?"

Ya daɗe bai ce komai ba, har na ɗauka layin ne ya katse. Can ya ce, "Sau biyu. Kada ka gaya wa Hajiyarku." Ya ce wurin ba rufi, katanga ce doguwa da farin bango, kana kallo taurari na bisa kanka, in hadari ya taso kowa ya san inda dare ya yi masa. Na ce wanne ne? Ya ce in bari sai na zo gida da Sallah zai kai ni ya nuna mini inda yake, in dai ya gane wurin.

Na rubuta a takarda na manna jikin firji. Gobe wanki.