Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Dabarar da Aka Ɗauke Mini

Wasu sun tambayi dalilin da ya sa na tsallake shekarun aikin ofis. Ba abin faɗa a cikinsu. Da rana takardu, da dare ni da karta a gaban madubi. Ban taɓa cin abinci da dabo ba, kuma ba na jin kunyar haka. Alex Elmsley ma, Baturen Birtaniya da ya rasu a 2006, aikin kwamfuta yake yi, amma duk ɗan dabon karta ya san ƙidayarsa: ka ƙirga karta huɗu a gaban mutum, ya rantse ya ga fuskar kowace, alhali ta ukun ba ta fito ba, ta farkon ce ta bayyana sau biyu.

A kan wannan ƙidayar na gina tawa. Kawu ya sha gaya mini, "Hannu ba ya ɓoye komai, ido ne ke tafiya yawo." Sai na sa tambaya a tsakiya. Ina cewa "Ja ce ko baƙa?" mutum zai ɗago ya dubi fuskata, kafin ya sunkuya an gama. Daga nan jar kartar ta ɓace, a same ta ƙarƙashin tafin hannunsa. Sauran ba zan faɗa ba.

Kawun nan shi ya rarrashi Inna ranar da ta yi ta kuka wai na haɗu da aljanu, saboda na ciro tsaba daga bayan kunnen Yaya. Allah ya jiƙansa.

Yaron da ya ɗauke mini dabarar kuwa ɗan abokina ne. Ya yi ta zarya gidana, Baba kaza, Baba kaza, har na zaunar da shi na gyara masa riƙon babban yatsa da hannuna. Kwatsam sai ga bidiyonsa a waya, ya raɗa wa dabarar sabon suna, wai shi ya ƙirƙiro. Ba kotun da za ka kai wannan ƙarar. Abin da muke da shi kawai shi ne a ambaci mai abu. Ko da yake Houdini ma, shahararren ɗan dabon Amurka, daga Robert-Houdin, ɗan dabon Faransa, ya ari sunansa, a 1908 kuma ya rubuta littafi guda yana kushe shi. Butulci ya daɗe a sana'ar nan.

Abin da ya fi ci mini rai, tambayar ma bai iya sa ta a gurbinta ba. Yana yin ta idon mutane na kan hannunsa. Da Kawu ya gani, tsaki kawai zai ja.

Mako mai zuwa zan ba ku labarin haɗuwata da ubansa.